Wayoyi Shida a Baƙar Leda

Lokacin da nake acaɓa a Kiyawa, wani mai kula da masu allurar rigakafi ya ba ni wani aiki. Kullum da safe sai ya miƙo mini wayoyi shida a baƙar leda, ya faɗa mini ƙauyuka da rugagen da zan zaga. In bi lungu-lungu a hankali, in riƙa tsayawa a ƙofar gidaje, da la'asar in mayar masa. Na tambaye shi amfanin hakan, ya ce, "Malam, kai dai tuƙi aka ce ka yi." Ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu, sai na ja bakina.

Har rugar da ƙanwata take aure na je da ledar nan. Na zauna na sha fura, ɗanta na goye yana ja mini gemu.

Bayan wata biyu ƙyanda ta shiga rugar. Ƙanwata ta kira ni. "Yaya, idon yaron nan ya ƙi buɗuwa. Mu fa bana ba wanda ya zo mana da allura." Na kai su asibiti a Dutse, na wuce ofishin masu tallafa wa aikin rigakafin, bakina cike da faɗa.

Wata ma'aikaciya ta zaunar da ni, ta juyo mini da kwamfuta. "Baba, an je. Sabon tsari ne aka kawo mana daga waje. Kowace mai allura da waya a jakarta, duk inda ta taka sai ya fito a taswirar nan. Ka gani, mutum shida, sun daɗe a gidan ƙanwar taka."

Na ƙura wa zanen ido. Ga inda na kauce wa kwazazzabo, ga inda na tsaya faci.

"Hajiya, ba mutum shida ba ne. Ni ne da leda."

Ta jawo takarda da biro. "Ƙauye nawa ka zaga haka?"

Na fara faɗa mata sunayensu, tana rubutawa.

A satin aka tura masu allura na gaske, an ce shi kuma mutumin da ya ba ni wayoyin an canza masa wurin aiki. Yaron ya rayu, amma idonsa na hagu ya tafi. Ƙanwata har yau gode mini take, wai ni na je na yi musu faɗa. Na kasa gaya mata.