Keke a Bayan Babur

Ina aji biyar na sakandare a Kusada na kamu da son wata 'yar unguwarmu. A littattafan soyayyar da nake haya a kasuwa, duk ranar da masoyiya za ta bar gari, saurayi kan iso tasha yana haki daidai lokacin da mota ta ɗaga, a tsaya dominsa. Na yarda haka duniya take.

Da aka ce za ta koma Kano wajen yayarta, ƙawarta, wadda muke aji ɗaya, ta gaya mini ƙarfe tara na safiyar Asabar za ta tashi. Na rubuta wasiƙa shafi huɗu, na fesa mata turare. Tara daidai na isa ƙofar gidansu, aka ce ɗan acaɓa ya tafi da ita Kankia tun takwas da rabi. Na hau keken babana na bi hanya, ina taka feda har cinyoyina suka mutu. Malaminmu na kimiyya ya wuce ni a kan babur ɗinsa, ya waiwayo ya dube ni. Na isa tashar Kankia na tarar ana lodin wata motar daban.

Kafin a koma makaranta labarin ya zaga ko'ina. Ranar Litinin malam ya ja dogon layi a allo, ya sa ɗigo biyu.

"Yau darasinmu gudu a miƙaƙƙiyar hanya," in ji shi. "A ce babur na cin kilomita arba'in a awa, ya tashi takwas da rabi, ɗauke da gimbiya. Keke na cin sha biyar, ya tashi tara, ɗauke da ango. Yaushe za ya cim mata? Ango, taso."

Aji ya ɗauki shewa. Na taso na karɓi alli.

"Kafin ka hau keken, nawa ta ci?"

"Ashirin, Malam."

"In hanyar ba ta da iyaka, bayan awa guda nawa ke tsakaninku?"

Na lissafa. "Arba'in da biyar."

"Raguwa tazarar ke yi ko ƙaruwa?"

"Ƙaruwa."

"To mi kake bi?"

Na ce ƙasa-ƙasa ai na ƙara sauri a gangare. Ya ce madalla, wannan shi ne ƙarin gudu, in rubuta shi, in kuma nuna masu daƙiƙa nawa ya ɗore kafin numfashina ya ƙare. Wani daga baya ya ce, "Malam, a saka nauyin wasiƙar!" Har masu leƙe ta taga suka yi dariya.

Na juyo na ce da an gaya mini lokaci daidai, da ba na bukatar bin kowa. Ina jin wannan zai wanke ni.

Ƙawarta ta ɗaga hannu. "Malam, ba kuskure na yi ba. Ita ta ce in ce mashi tara. Ta ce rabin awa ya ishe ta."

Malam ya jinjina kai. "Gimbiyar nan taka ta fi ka gane darasin, ga shi ba ta taɓa zama ajina ba. Rubuta amsa."

Na rubuta cewa keken ba zai cim ma babur ba har abada. Ya duba, ya ce daidai ne, ya sa aji su tafa mini sau uku.