Takardar da Babu Sunan Malam

Ana fitowa daga sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da ƙanwar mijina, Allah ya jiƙansa. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, 'yata ce ke rubuta wannan, don matan unguwa sun dame ni da tambayar abin da ya kai tsohuwa Damagaram.

Ga dalilin. Bara wasu ma'aikata suka zo Gure da takardu, suna binciken kurakuran da ake yi a asibiti. Na ba ɗayansu labarin Malam, mijina, duka. Akwai allurar da jikinsa ba ya so, an rubuta a karnensa, wato katinsa na asibiti, amma wanda ya karɓi aiki ranar bai buɗe karnen ba. Jikinsa ya kumbura, kwana biyu ya cika. Na san ajali ne, amma ina so a rubuta don kada a maimaita a kan mijin wata. Da ma'aikacin ya ce in faɗi sunan majinyacin, sai na ja mayafi na rufe baki. Ya jira, ya gaji, ya tafi. Sai watan jiya wata likita ta aiko a zo da ni taro a Damagaram.

A mota an matse mu kamar dabino a buhu. Ƙanwar Malam ta dubi ƙafata ta ce, "Matar yaya, wannan lallen duk na taro ne, ko wani alhajin aka yi miki alkawari?" Na ce idan akwai shi, ita zan bar wa, ta fi ni haƙora. Gudron ɗin, wato hanyar kwalta, wani wuri sumul, wani wuri sai ka riƙe hanjinka. A Gidimuni ta sayi rake, ta sha nata ta sha nawa, ni kuwa na tsotsi dabino ina kallon ruwa tsakanin tuddan yashi. A Mirriya inuwar lambuna ta sa na ce direba ya sauke ni nan in ƙarasa tsufana.

Ɗakin taron sanyi ne kamar randa. Mu tsofaffi aka jera mu gefe guda, daga Kelle, daga Bune, kowa a dunƙule cikin zane. Manya suna ta gardama, ana fassara mana. Wani ya ce littafin asibiti kawai za a duba. Wani ya ce a tambayi majo, wato shugaban ma'aikatan asibitin, da mutanensa. Likitar da ta kira mu ta ɗaga wani ƙunshin takardu, ta ce waɗannan an jefar da su gefe, ba a lissafa su ba, don babu sunan majinyaci, ba yadda za a nemo shi a littafi. Tawa tana ciki. Shekara guda ina cewa an ji maganar Malam, ashe tana ƙasan tebur.

Shugaban binciken ya juyo gare ni. "Inna, tsoron majo ne ya hana ki faɗi, ko mantuwa?"

Na ce, "Ɗana, mutumin da na haifa wa bakwai zan manta? Ka taɓa jin uwarka ta kira sunan ubanka?"

Ɗaki ya fashe da dariya. Ya sosa ƙeya ya ce wallahi bai taɓa ji ba. Tsohuwar Bune ta ce ita ɗanta na fari ne, ko da wuƙa ba za ta ambace shi ba. Nan suka gane takardun da suka zubar kusan duk namu ne, zawarawa da iyaye, mu da muka kwana a gefen gadon.

Ƙanwar Malam ta miƙe ta faɗi sunansa da na ubansu, da ƙarfi. Tun rasuwarsa ban ji an kira shi haka ba. Na yi kuka har likitar ta zo ta riƙe hannuna, ban kuma ɓoye ba. Suka nemo shi a kwafin littafin asibitin. An rubuta ranar shiga da ranar rasuwa, amma babu maganar allura ko kalma ɗaya. A bakina kaɗai take.

Bayan azahar aka ba mu shinkafa da cokali mai yatsu. Na ajiye shi na wanke hannu. Manyan suka ce daga yau mai tambaya zai nemi wani a gidan ya faɗi sunan, kuma duk takardunmu za a koma kansu.

Washegari kafin la'asar muna Gure, ƙafafuna sun kumbura, awakina suna ta yi mini ƙorafi. Abin da na koyo shi ne masu ilimi ma sai an nuna musu yadda ake tambaya a gidan mutane, kuma kunya ba ta hana a bi haƙƙin mamaci, in ka tafi da mai baki. Maganar Malam ta shiga littafi, da sunansa cikakke. Ni kuwa har yau ban faɗe shi ba.