Randar Kaka

Ni dai tun ina saurayi Allah ya jarrabe ni da son tsofaffin kaya. Abokaina suna fafutukar sayen babur, ni ina yawon kufai ina tsintar tsingaro. Har yau a ɗakina na Gwadangaji akwai kabad guda da na cika da fasassun tukwane, da ƙwarya mai zanen wuta, da kan mashin yaƙi da wani manomi ya tono a fadamarsa. Matata tana kiran wurin juji, ban kuma taɓa yi mata musu ba.

Sai dai duk abin da na tara bai kama ƙafar randar kakata ba. A Argungu take, girke cikin yashi mai laima a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Mahaifiyar Kaka ce ta gina ta, tun zamanin da mota ba ta san hanyar garin ba. A wuyanta an murza igiya kan ɗanyen yumɓu, ƙasa da nan jerin kifaye sun zagaye ta, sannan sawun babban yatsa layi-layi har zuwa ciki. Na sha shiga gidan tarihi na ga tukwane a bayan gilashi, amma ban ga wadda hannun mai ita ya zauna kamar wannan ba. In na je gaisuwa, sai in sha ruwa in ci gaba da tsugunno a wurin, moɗa a hannu.

Kaka ta lura, da ma ba ta raga mini.

"Kai mijin ga nawa, ni kaz zo gani ko randa?"

Na ce ta ba ni ita in ajiye inda ba za ta fashe ba, ni kuma in kawo mata sababbi har uku.

"Randag ga ba ta zuwa Birni," in ji ta. "Na hwaɗa ma baffanka. Ran da nim mutu, da ita za a ruhe ni."

A wajenmu in an sa mamaci a kabari, itace ake jerawa ko tsagaggun tukwane, a liƙe da laka, kafin a tura ƙasa. Na san da haka sarai, amma ban taɓa kawo wa raina cewa randar nan za a yi wa haka ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata tukwane sun cika kasuwa, wannan kuwa in ta tafi ba a sake irinta. Na yi bayani har da su jikoki da tattaɓa-kunne da za su so ganin aikin kakanninsu.

Ta bar ni na gama, tana ta tsince shinkafa a faifai.

"Hannun innata na bisa gare ta," ta ce. "Ina ƙarama tar rasu, ko kamanninta ban riƙe ba. Kai mi kaka so in bar ma, ɗan abin da nis samu?"

Ban sake roƙo ba. Na ɗauki hotuna da waya ta kowane gefe, amma hoto ba ya sanyi a tafin hannu. Shekaru suka yi ta tafiya, ina zuwa, ina shan ruwa, tana tsokanata wai na fi son randa da matar gida.

Ta rasu a lokacin kaka, ana tsakiyar yankan shinkafa. Da ruwan randar aka yi mata wanka. Baffa ya dube ni ya ce in kama, muka ciccibo randar ni da shi muka sa a amalanke. A maƙabarta mai haƙa kabari ya kwantar da randar, ya dinga ƙwanƙwasa ta da bayan gatari a hankali, har ta rabu biyu. Wani ɓalli kamar faɗin tafin hannu ya fita daga wuyan ya faɗo kusa da ƙafata. Na duƙa na ɗauka na sa a aljihu. Baffa ya gani ya kau da kai, ni kuwa na ji sanyi a raina cewa ko ba komai na tsira da wani abu.

Aka sa Kaka a kabari, aka jera ɓarin randar biyu, aka cike sauran da wasu tukwane. Sai ga kafa ta rage ta wajen kai, daidai inda ɓallin ya fita. Mai haƙa ya gwada wani tsingaro, ya yi ƙarami, ƙasa tana zurarewa ta gefensa. Ya ɗaga kai yana neman wani, jama'a suna tsaye cikin rana suna jira.

Hannuna yana cikin aljihu. Na ɗan jima a haka, ba zan ɓoye ba. Sannan na fito da shi na durƙusa na ɗora da kaina, ya zauna daram.

Mai haƙa ya miƙo mini laka, na liƙe.