Mai Turaku, Mai Mayar wa Mutum Maƙwabcinsa

Kafin a buɗe ofishin ƙungiyar agajin, Mai Turaku ya riga ya buɗe sito. Zai shimfiɗa tantuna a tsakar gida, ya ɗaga kowanne ya duba ta hasken rana ko akwai huda, ya ɗinke inda ɓera ya ci. Sai ya zauna a kan galan yana warware igiyoyin da wasu suka cukurkuɗe, yana yi yana mita. Gudumarsa kuwa ba ya ba da aronta, ko shugaban ƙungiya ne ya tambaya. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don gwiwoyinsa sun ce sun gaji. Na duba hotunan da ƙungiyar ke liƙawa a bango: manya suna miƙa buhu, suna murmushin da ke ƙarewa tare da ƙiftawar kyamara. Shi sau ɗaya ya fito, shi ma bayansa ne, ya sunkuya yana buga turke.

Aikinsa kafa tanti duk inda ruwa ko gobara ta kori mutane daga gidajensu. Sai dai ba ya sauke kaya sai ya bi mutane da tambaya: "Wa ke damanku? Wa ke hagunku? Wurin wa kuke aron gishiri?" Sannan ya jera tantunan yadda layin yake kafin ruwa ya cinye shi. Direban motar kaya ya ce ya sha dahuwa a rana yana jiransa.

Direban ne ya fara ba ni labarin Iya, nas ɗin sansanin ta ƙarasa. Bayan wata ambaliya da ta share unguwa guda, wani magidanci ya ja Mai Turaku gefe.

"Baba, alfarma nake nema. Mahaifiyata da maƙwabciyarta, Gwaggo mai kaji, tun ina goye suke faɗa. Yau kaji, gobe kwata, jibi hayaƙi. Don Allah ka raba su, ko Iya ta huta."

Magana ce ta hankali. Ya kafa wa Iya a bakin fili, Gwaggo kuwa can ƙarshe, bayan tankin ruwa.

Iya ta huta, har hutun ya yi yawa. Ta juya fuska ga tamfol, ta daina ci. Ɗanta ya kawo shinkafa, ya kawo shayi, ita dai "ajiye" kawai take cewa. Nas ta auna ta, babu zazzaɓi, jini daidai. Ta gaya wa ɗan gaskiya: in aka ci gaba haka sai asibiti, kuma a shekarun Iya ba ta yi masa alkawarin komai ba.

Mai Turaku ya zo ƙara ɗaure igiya, ya leƙa.

"Iya, barka da hutawa. Tantin na yoyo ne?"

"Ba ya yoyo."

"To me ke damunki?"

"Ba komai." Sai kuma ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Waccan matar, kajinta sun tsira kuwa?"

Ya ajiye igiyar. Ya taka har bayan tanki, ya tarar da Gwaggo zaune ta tasa kwandon kaji a gaba, ita ma ta rame. Ko gaisuwarsa ba ta gama amsawa ba ta ce, "Wai tsohuwar nan mutuwa ta yi? Kwana biyu ban ji bakinta ba."

Da tsakar rana ya tuge turakun Gwaggo, ya saɓo tantin a kafaɗa, ya dire shi gefen na Iya. Ɗan Iya ya taho da gudu.

"Baba, me kake yi? Ƙarasa min ita za ka yi?"

"Ɗana, mun gwada maganinka. Bari a gwada nawa."

Bai gama buga turken ƙarshe ba wata kaza ta kutsa tantin Iya, ta sa baki a kwano. Iya da ake tallafa wa kafin ta tashi, sai ga ta zaune.

"Ke! Ruwa ya ci gida, ya ci gado, amma ya bar min kajinki?"

"Au, kina da rai?" in ji Gwaggo ta bayan tamfol. "Har na fara neman mayafin zuwa gaisuwa. Kin ajiye abinci kina kallo, ina laifin kaza?"

"Nawa ne! Ko kallonsa zan yi, ina ruwanki?"

Ta janye kwanon, ta cinye tas don kada kaza ta samu. Ta ce a ƙaro. Nas ta ce ba ta taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Kai ne, Mai Turaku, ka gane abin da ma'auni bai nuna ba. Bargo da buhu kowa na iya miƙawa, musamman in akwai mai ɗaukar hoto. Kai ne ka san ruwa ba katanga kaɗai yake tafiya da ita ba, har da muryar da ke bayan katangar. Duk wanda ya taɓa wayar gari a gidan da babu mai yi masa faɗa don ya bar ƙofa a buɗe ya san abin da ka gani a tantin nan. Ni na sani.

Iya da Gwaggo sun koma unguwarsu, katanga ɗaya kamar da. Sun aiko cewa za su zo ranar sallamarka, kuma har sun fara faɗa a kan wadda za ta zauna kusa da kai.

Mun gode, gwanin guduma. Allah ya sanyaya gwiwoyin nan, ya saka maka da alheri. Ku kuma da za ku gaji sitonsa, kafin ku buga turken farko ku tambayi mutum wa ke hagunsa. In ya ce kada a sake haɗa shi da wancan har abada, ku tsaya ku duba fuskarsa da kyau kafin ku yarda.