Magada Goma Sha Ɗaya

Jiya a cikin jirgin ƙasa na LRT wani dattijo yana jan carbi, ƙas, ƙas, sai na ji gabana ya faɗi. Ka san akwai ƙarar da ba ta sakin mutum.

Ina shekara goma aka kawo kakana asibiti nan Kuala Lumpur. A Pantai Dalam muke, hawa na tara, Abba yana digirinsa na uku a lissafi. Lokacin ruwa ne, kullum da la'asar sai an tafka, falo ya cika da warin jiƙaƙƙiyar shanya da man zafi. Likitoci sun ce ciwon ya fi ƙarfinsu. Abu ɗaya Kaka yake roƙo, a mai da shi gida ya cika a ɗakinsa. Abba kuwa ya kafe sai an ci gaba da magani, yana gaya wa Umma wai ciwon ya taɓa hankalin tsoho. A gabansa fa, da Turanci, sai ka ce raini yana buƙatar tafinta! Mutumin da ya tsufa yana yi wa gari guda rabon gado.

Akwai wata zabgegiyar lamba ta binciken Abba liƙe a bango, lambobi arba'in a jere. Rannan Kaka ya ce da ni, "Amarya, karanto min abin can, ɗaya bayan ɗaya."

Na karanta da gurguwar Hausata, yana tura 'ya'yan carbi gaba. Ya ce in sake. Wannan karon in ya tura na lambar farko gaba, sai ya jawo na mai bi mata baya, haka har ƙarshe. Bai ɓata ko ɗaya ba.

Ya dubi Abba. "Tunda bakwai ce a wutsiyarta, biyu da biyar ba su raba ta. Uku ta bar ragowar ɗaya. Amma in ka tara magada goma sha ɗaya, kowa zai kwashi nasa daidai, ba saura. Ƙarya na yi?"

Abba bai ko taɓa kwamfuta ba, ya riga ya sani. Ya ce, "Haka ne, Baba."

"To mai hankali ne yake magana. Kai ni gida."

Wallahi na ɗauka shi ke nan, har na fara murna. Sai Abba ya ce, "A dai ƙarasa wannan maganin tukuna."

Kaka ya juya ya fuskanci bango. Bai ƙara yi wa ɗansa magana ba, sati uku bayan nan aka rufe shi a ƙasar da ko gaisuwarta bai iya ba. Na ji haushin Abba ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Yau lissafi nake koyarwa a Bukit Jalil. Ɗalibaina sukan danna waya, kafin ƙiftawar ido ta rarraba musu lambar da ta ninka waccan tsawo. Abba ya koma gida tuntuni, ya tsufa. A garinmu mace ba ta zuwa makabarta, amma nan Kaka ba shi da mai ziyartar kabarinsa sai ni. Duk Juma'a sai Abba ya kira, ko gaisuwa ba ma gamawa yake cewa, "Kin je? Kin gaya masa?" Ban taɓa tambayarsa me zan gaya masa ba. Ina cewa na gaya.