Tiyon Mai da Itacen Kabarin Gwaggo

Injin yankan itacen da nake aiki da shi na mijin gwaggona ne. A gidansu na tashi, a unguwar Koki, don tun ina ƙarami mahaifina ya ba wa yayarsa ni, ita kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba. Baba nake ce wa mijin. Da na gama firamare ya ɗora mini injin a kafaɗa muka shiga gari. Duk gidan da darbejiya ta girma har saiwarta ta fara tsaga katanga, mu ake kira. In muka dawo, kanmu fari fat da garin itace, Gwaggo takan tare mu a soro da tsintsiya, ta ce babu mai shigar mata ɗaki sai ta kakkaɓe shi.

A wancan lokacin ban san inji yana da wani abu wai shi tiyon mai ba. 'Yar roba ce baƙa, siririya, wadda take ɗauko fetur daga tanki ta kai shi kafireta, da 'yar matata a bakinta cikin tankin. Wadda kamfani ya sako ta daɗe ƙwarai, har Baba ya rasu ba ta taɓa ba mu matsala ba. Ja ɗaya, ja biyu, inji ya tashi. Sai da ya zama nawa ta tsufa ta tsage, daga nan na shiga hannun na kasuwa.

Akwai rawaya, akwai fara mai kama da ta ƙarin ruwa, akwai baƙa da ake rantse maka cewa ta kamfani ce. Wata in ta sha fetur sai ta kumbura ta yi laushi kamar cingam, ta saki matatar a cikin tanki. Wata kuma ta ƙandare. Sai inji ya riƙa shaƙar iska, ya yi kuka sama-sama, ka taɓa itace ya mutu. Ni kuwa mutum ne mai yawan wasiwasi. In na je saye sai na lanƙwasa, na shinshina, na ɗaga ta a rana.

Wani mai shago ya taɓa ce mini, "Malam, tiyo ka zo saye ko neman aure? Ko dangin amarya ba a yi musu wannan bincike."

Har kwalabe na ajiye a bayan ƙofa, ina jiƙa guntayen tiyo a fetur in ga wanda zai jure. Mai ɗakina ta ce in tsimin ya nuna in sam mata, ita ma bayanta yana ciwo.

Baba yana da wata al'ada. Duk bishiyar da muka kayar, sai ya ware rassa miƙaƙƙu mu kai maƙabarta, mu yanka su daidai faɗin ƙaramin ramin da ake kwantar da mamaci, don a jera a kansa kafin a sa ƙasa. Yakan ce kowa sai ya buƙaci rufi. Bayan rasuwarsa na ci gaba.

Gwaggo ta rasu da zafin bazara, bayan sallar asuba. Ta daɗe tana jinya, amma da ta cika sai na ji kamar ba a taɓa gaya mini za ta tafi ba. Aka sa jana'iza da hantsi. Na ce bari in leƙa maƙabarta in ga haƙa, kuma saboda halina na ɗauki inji da galan ɗin fetur, ko da ban ga dalili ba.

Dattijon da yake kula da wurin ya tare ni a bakin ƙofa. "Allah ya jiƙan Hajiya. Amma fa ɗana, itace ya ƙare jiya. Ka san yadda aka yi ta rashe-rashe da zafin nan. Sai manyan rassan da ka kawo ba ka yanka ba."

Na ce masa babu komai, yanzu za a yi. Na ja igiya, inji ya tashi, na kwantar da shi a kan reshe, ya shiga kaɗan ya mutu. Na sake ja. Ya yi kukan nan da na sani, ya sake mutuwa. Da na buɗe, tiyon ya tsage daidai inda ya fito daga tanki. Wanda ya fi kowanne jurewa a kwalba ne, amma kwanakin jinya ban yi aiki ba, ya bushe a cikin zafi. Na ciro tiyon ajiya daga aljihu. Daga naɗi ɗaya aka yanko su. Ina lanƙwasa shi ya karye kamar busasshiyar taliya.

Shagunan suna da nisa, kuma ba su buɗe ba. Gawa ba a ajiye ta. Na tsuguna ina tunanin za a sauke makarar Gwaggo a rana, mutane su yi cirko-cirko, a ce ɗanta mai yankan itace ne amma an rasa itacen da za a rufe ta. Na zuba wa injin ido.

Dattijon ya ce, "Kai, zuba ido ba ya gyara inji. Me ya rage a ciki?"

Na lanƙwasa waya na zaƙulo ragowar tiyon daga tanki, fetur yana bin hannuna har gwiwa. Na yanke inda ya tsage na mayar. Ya gajarce, matatar tana reto a sama, ba ta kai ƙasan tanki. Wato sai tanki yana cike taf, kuma inji yana tsaye daidai, ba a karkata shi ba. Rassan kuwa suna zube a kan tudun ƙasa, wani kan wani.

Maƙwabtanmu da suka riga zuwa taya haƙa suka ji bayani. Nan take suka naɗe hannun riga. Suna ciccibo reshe su ɗora a kan kututture su danne, ni ina tsaye wuri ɗaya ina yankawa. In na yi 'yan yanka kaɗan sai dattijon ya ƙara mini fetur. Wani tela da muka yi makarantar allo tare ya ce, "Yau dai mun ga inji mai sarauta, shi ba ya zuwa wurin itace, sai dai itace ya zo gaishe shi." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, ni ma na yi, hawaye yana zubo mini.

Muna cikin haka aka yi wa Gwaggo salla a ƙofar gida, ban samu ba. Wannan har yau yana damuna. Na hango makara ta shigo ƙofar maƙabarta ina kan reshen ƙarshe. Da ya faɗi na kashe injin, wurin ya yi tsit.

Aka sauke ta a bakin rami. Liman ya ce, "Ina ɗanta? Ya shigo." Na dubi hannuwana, baƙi ƙirin, rigata tana warin fetur. Na goga da ƙasa, na zuba ruwan buta, warin yana nan. Na ja da baya. Yaya zan taɓa farin likkafani da wannan?

Na ce, "Allah gafarta Malam, hannuna duk fetur ne."

Ya ce, "Fetur najasa ne? Wa ya gaya maka? A wajen aikinta ka samo shi. Sauka, kada ka tsayar da baiwar Allah."

Na sauka. Aka miƙo mini ita, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da ita a gefen damanta, ta fuskanci alƙibla. Yatsuna suka bar ɗan tabo a likkafanin wajen kafaɗa, na so in goge, na ga zan ƙara ɓatawa, na bar shi. Sannan aka fara miƙo mini itacen ɗaya bayan ɗaya, sabon yanka, da garin itace a jikinsa. Na jera su a matse, duk inda na ga 'yar kafa na toshe da ɓawo, har liman ya ce ya isa haka, in fito.