Ginin Cuku na Baba Magini

Ina tsaka da yi wa wata mata kitso na ji ana dukan wani abu da guduma a bayan bangona. Bango ɗaya ne ya raba ɗakina da falon Baba Magini, kuma irin bangon nan ne da ko tari ka yi sai an ce maka sannu daga wancan gefen. Na ce wa matar ta riƙe gashinta kar ya warware, na fita ko takalmi ban sa ba.

Na tarar da iyalinsa duka sun kewaye tebur, da yake Lahadi ce, ranar da suke haɗuwa cin abincin yamma. Ga babban ɗansa, wanda kowa ke kira Yaya Babba, da matarsa da yaransu. Ga Auta, ƙaramar 'yarsa. Ga Inna, matar Baba, a kujerarta ta gefen taga. A tsakiyar teburin akwai tire cike da wani abu ruwan ƙasa, gefensa wuƙar gidan ce a karye gida biyu. Baba Magini yana tsaye a kai da guduma da cizal, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba. Rushe gidan ake yi ko abinci ake rabawa?"

Ya ce, "Rediyo, wa ya kunna ki?"

Sunan da yake kirana ke nan. Ya gyara tsayuwa ya sake kai duka. Wani ɓari ya ɓalle, ya tashi sama, ya sauka a kan tabarau ɗin Yaya Babba. Gilashi ɗaya ya fice ya faɗa cikin kofin ruwa. Ƙaramin jikan ya ɗauki ɓarin, ya lasa, ya ƙwanƙwasa shi a tebur, ya tambayi uwarsa ko zai iya tafiya da shi gida. Ranar nan da shayi da burodi aka tashi.

Wanda bai san Baba Magini ba zai ce wauta ce. Ni da na san shi na ce sana'a ce ta bi shi har kicin. Mutumin nan tun yana saurayi yake ɗora bulo kan bulo, har bayansa ya ranƙwafa ya ajiye aikin. Amma idonsa bai yi ritaya ba. In ya je duba marar lafiya a asibiti, sai ya gama ƙwanƙwasa bango kafin ya tambayi jiki. Benen da muke haya a cikinsa kuwa kullum sai ya zage shi, wai wanda ya gina shi da miyau ya kwaɓa siminti. Abin alfaharinsa a duniya guda ne, yana kuma faɗinsa ko ba a tambaye shi ba: bai taɓa miƙa aikin da ya zube ba. Girki kuwa, har ya tsufa bai san inda ake ajiye ashana a gidansa ba.

Sai ciwon gaɓoɓi ya kama Inna. Yatsunta suka ƙi riƙe ludayi, gwiwoyinta suka ƙi matakala, ga shi a hawa na sama muke. Yaya Babba, mutumin kirki ne amma komai nasa sai da tsari, ya kawo shawara: a mayar da cin abincin Lahadi gidansa, ita kuma Inna a riƙa aiko mata nata a kula.

Inna ta ce, "To, duk yadda kuka gani."

Ni ke mata kitso, ni na san abin da ke cikin wannan "to" ɗin. Matar nan tun Laraba take fara tambayata ko yau Asabar ce. Hayaniyar jikokin nan ita ce fitarta, ita ce kasuwarta. In aka ɗauke Lahadi, an bar ta da taga da kula. Baba ma ya gane. Ya buga tebur ya ce ba inda za a kai abinci, shi zai dafa.

Auta ce ta jawo cuku cikin maganar. Tana aiki a wani babban kanti, a sashen da ake yanka shi, kuma akan ba su guntayen da suka rage. Ta kawo ta nuna wa Baba yadda ake yin wani abinci da shi: a shimfiɗa taliya, a zuba niƙaƙƙen nama da tumatir da albasa, a barbaɗa cuku, a sake shimfiɗawa, a sa a oben. Baba ya ga cukun ya narke ya bi duk wata kafa, da ya huce kuma ya kama komai ya riƙe gam. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ashe gini ne. Shekara da shekaru mata na ɓoye mana."

Daga ranar ba a ƙara jin kalmar girki a bakinsa ba. Dankalin da yake jerawa a ƙasan tire harsashi ne. Taliya bulo ce. Cuku kwaɓi ne. Ya wanke cokalin gininsa tas, da shi yake shafe saman, sannan ya ɗora ma'auninsa ya rufe ido ɗaya ya duba ko ya karkace. Duk wannan ba laifi. Inda aka samu matsala, Baba bai yarda a shiga gini ranar da aka gama shi ba. Sai ya gasa abinsa tun Juma'a, ya ajiye a bakin taga ya sha iska, safe da yamma yana yayyafa masa ruwa kamar yadda ake yi wa sabon daɓe. Kafin Lahadi abin ya zama abin da ya karya wuƙa.

Ranar tabarau, Yaya Babba ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ubansa da ido ɗaya mai gilashi, ɗaya babu.

"Baba, ka yi ƙoƙari. Amma yaran nan ba su gama haƙori ba. Mako mai zuwa a gidana."

"Ku ƙara mini Lahadi ɗaya."

"In aka sake fito da guduma fa?"

"In aka sake, ka ɗauke. Ba zan ce komai ba."

Makon nan ban huta ba. Ta bango nake jin sa yana bincike, wai a ina aka kuskure. Na leƙa na ce, "Baba, ka ba su da zafinsa mana." Ya dube ni kamar na ce ya yi gini a kan ruwa. Shi a ganinsa kwaɓin ne ya yi ƙarfi, don haka zai rage cuku ya ƙara yashi. Yashin nan garin busasshen burodi ne. Juma'a ya gasa sabo, ya kai bakin taga, ya ci gaba da ban ruwa.

Ranar Lahadi da la'asar ya sauka sayo lemo. Inna ta ƙwanƙwasa bango da sandarta, na shigo.

Ta ce, "'Yata, kina tsoron Allah?"

"Daidai gwargwado, Inna."

"To rage kaɗan. Ɗauki tiren can ki ɓatar da shi."

Da ƙyar na ɗaga. Na kai ɗakina na tokare ƙofa da shi, don dama iska na damuna da bugo ta.

Baba ya dawo ya tarar da taga wayam. Ya duba ƙasan bene ko tiren faɗowa ya yi, ya ga ba rami, ya san bai faɗo ba. Inna ta ce ita barci ya ɗauke ta. Ni na ce ban ji komai ba, wanda shi kaɗai ya isa ya tona ni, don ban taɓa cewa haka ba tun da na tare a gidan. Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi agogo. Sai ya naɗe hannun riga. Na yanka masa albasa, Inna na zaune tana ba da umarni, shi yana ta ƙunƙuni wai ko kejin kaji ba a yi wa irin wannan gaggawa.

Sabon tiren na fitowa daga oben, yana tafasa yana ɓulɓulo da kumfa, aka ji takun jikoki a matakala. Baba ya taɓa saman da cokalin gininsa, cokalin ya nutse. Fuskarsa ta canza.

Ya fito falo hannu wofi ya ce, "Aiki bai bushe ba. Ku dawo Talata."

Yaya Babba bai ko zauna ba. Ya juya makullin motarsa a yatsa ya ce, "Shi ke nan, Baba. Yara, ku gaida Inna mu tafi. Za a aiko da kula."

Inna ba ta ko dubi ɗan ba. Mijinta ta kalla.

"Malam, kawo shi haka."

"Zai zube, Innarsu."

"Na sani."

Ya tsaya a tsakiyar falon, hannayensa duk cuku. Jikokin sun riga sun fara sa takalma. Ya juya ya shiga kicin, ya fito da tiren a naɗe da tawul, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da gawa. Ya ajiye. Ya yanka, ya ɗaga yankan farko. Harsashi ya zame, bulo ya bi shi, kwaɓi ya miƙe zare-zare daga tire har faranti, komai ya kife ya baje. Baba ya kau da kai.

Bayan nan ba abin da ake ji sai ƙarar cokula. Matar Yaya Babba, wadda take cewa ita ba ta cin abu mai nauyi da yamma, ta miƙa farantinta karo na biyu ba tare da ta ɗago ba. Ƙaramin jikan ya ja zaren cuku har ya hau kujera ya tsaya. Auta na ba Inna a baki, Inna na dariya abincin na ƙoƙarin zubowa. Yaya Babba ya mayar da makulli aljihu, ya kankare gefen tire, ya goge baki.

"Baba, mako mai zuwa da ƙarfe nawa za a rushe na gaba? In zo da wuri."

Na ga kunnen Baba ya motsa. Ni kuwa bakina ya ƙi zama.

Na ce, "Allah sarki, Baba. Yau dai tarihi ya ɓaci. Gininka ya zube a gaban shaidu, har da ni."

Ya dubi farantina, ya dubi ƙaramin kwanon da na ajiye a ƙarƙashin kujera na cika shi da rabon gobe.

Ya ce, "Na sha ganin gini ya zube, Rediyo, maƙwabta su fito suna salati. Amma maƙwabciyar da za ta zo kwasar ɓaraguzai da kwano biyu, a kanki na fara gani."